Ƙugiya Ta Arba'in da Bakwai

Ni na fara ganinsa. Ina so wannan magana ta zauna a kan kowa tun kafin mu yi nisa, don wancan makon wata yarinya ta rubuto a ƙarƙashin labarina wai tsoho yana ƙara gishiri. Kafin darakta, kafin injiniyoyin hawa na huɗu, kafin manyan gwamnati masu zuwa da baƙaƙen motoci, ni Trofim Lukich, mai karɓar rigunan sanyi a bakin ƙofa, ni na fara ɗora ido a kan dutsen nan. Dutse mutanenmu suke ce masa, ku kuwa ƙwaƙwalwar kwamfuta kuka sani. Bai kai faɗin kwalin ashana ba, amma mutum ɗari uku sun shekara huɗu suna zana shi a kamfaninmu, wasu har sanƙo ya cinye musu kai.

Ranar Talata ce, farkon Oktoba. Direban da ya ɗauko akwatin duwatsun daga filin jirgi ya dire shi a kan kantata don ya tuɓe kwat ɗinsa da ya jiƙe sharkaf. Kafin ya zare hannu ɗaya na riga na ɗaga marfin da ɗan yatsa. Ga su nan ashirin da huɗu a jere kamar ƙwai, kowanne da hular ƙarfe a kansa tana ƙyalli. Na mayar da marfin, na miƙa masa lambar rigarsa kamar ban yi komai ba. Direban yana nan da ransa, a je a tambaye shi.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, shekaruna saba'in da huɗu. A ramin ajiye dankali aka haife ni, ana ruwan bama-bamai a sama. Na ci ciyawa a shekarar yunwa. Na rufta cikin daskararren kogi da doki da amalanke, dokin ya tafi, ni na fito. Likitan da ya tsaga ƙirjina ya ce wa 'yata ta shirya zuciyarta, yau shi ke kwance a maƙabarta, ni ina hawa bene da ƙafata. Aji uku na yi a makaranta. Wannan rubutun ma ba ni ke yi ba, magana nake yi wayar tana rubutawa, in kun ga kuskure nata ne. Duk abin da ya taso zai kashe ni, tun daga nesa nake gane shi. Abu ɗaya ne ya zo har gabana ban gane shi ba, kuma har yanzu da nake muku magana kaina bai gama warwarewa ba. Sunanta Taisiya Markovna.

Shekara talatin da ɗaya ke nan da ta fara miƙo mini kwat ɗinta, tun wurin yana cibiyar binciken gwamnati, kafin ya koma kamfani. Ranar na rataye shi a ƙugiya ta arba'in da bakwai, don ita ce a jikin bututun ɗumama ɗaki. Da yamma ta saka shi ta ji ɗumi, ta dube ni ta saman tabarau. Daga ranar babu rigar da ta sake hawa ƙugiyar nan sai tata. Wani janar ya taɓa zuwa, wuri ya cika maƙil, ya nuna ta da yatsa, na ce masa ta karye. Taisiya Markovna tana tsaye a bayansa, sai da ta toshe baki da safar hannu. Ta kusa da ita kuwa, arba'in da takwas, nan nake rataye hulata ta gashin zomo mai rufe kunnuwa, wadda igiyar kunnen hagu ta tsinke tun zamanin da, shi ya sa kunnen yake tsaye kamar na kare mai sauraro.

Mijinta ya rasu. Klava matata ta rasu. Ƙasar da aka haife mu a cikinta ita ma ta rasu, aka yi shekarun da aka kashe wutar ɗumama gini, injiniyoyi suka watse kasuwa sayar da takalma. Ita tana zuwa, ni ina tsaye. Takwas da kwata: "Barka da asuba, Trofim Lukich." Shida saura: "Sai gobe, Trofim Lukich." Iyakar hirarmu ke nan, sai ko maganar sanyi in ya yi yawa.

Kwat ɗinta na yanzu ruwan toka ne, wuyansa baƙin gashi, maɓalli huɗu manya, na uku ba ɗan uwan sauran ba ne. A aikinmu akwai doka: rigar da ba ta da 'yar igiyar ratayewa a wuya ba a karɓa. Na kori farfesoshi da rigunansu a hannu saboda wannan. Tata ta tsinke sau biyar, sau biyar ina ɗinke ta a ɓoye in kowa ya tafi cin abinci, da koren zare don shi nake da shi. Ba ta taɓa ambata ba, ni kuma na ɗauka ba ta lura ba. Macen da ke zana abin da ido ba ya iya gani, wai ba ta ga koren zare a wuyan rigarta ba. Kun ji irin wayona.

A watan Satumba aka liƙa takarda a jikin lif. Ƙarshen Nuwamba za a rufe wurina, a kafa akwatunan ƙarfe masu buɗewa da kati. Ban gaya wa kowa a gida ba, amma Zoya 'yata, wadda ke auren Gena a garin Ryazan, hancinta ya fi na 'yan sanda. Saƙonni suka fara shigowa.

"Baba, mun gyara maka ɗakin baya. Gena ya sa sabon labule."

"Baba, kada ka ɗauko tsofaffin tukwanen nan, muna da namu."

"Asabar, 28 ga wata, ƙarfe tara muna ƙofarka. Ba na son gardama."

Na yi gardamar dai. Na ce mata ƙafata lafiya, hannuna lafiya, ina dafa miyata ina wanke safata. Ta bar ni na gama, halin uwarta sak, sannan ta yi mini tambaya ɗaya a waya: "To Baba, in an rufe wurin, saboda wa za ka zauna a Mosko?" Na buɗe baki. Akwai suna a kan harshena, amma ba ni da ikon faɗinsa. Me zan ce? Saboda wata mata da nake rataye wa riga? Sai Zoya ta ce shi ke nan, magana ta ƙare. Ku riƙe wannan: in Asabar ɗin nan ta zo babu wanda ya ce mini zauna, zan shiga motar Gena, kuma ba zan sake jin "Barka da asuba" ɗin nan ba har in mutu.

A makon farko na Nuwamba, bayan an kunna sabon dutsen ya tashi, mutanen hawa na huɗu suka yi ta rungumar juna a kan matakala, sai ga ta da safe kamar kullum. Ta miƙo kwat. Maimakon ta wuce sai ta tsaya tana lalube a jaka, ta fito da ɗan gwangwanin alewar tari, ta ajiye a kan kanta, ta turo mini shi da yatsa biyu.

"Wannan naka ne, Trofim Lukich. Ka duba shi da kyau."

Kunnuwanta sun yi ja, amma ana sanyi ranar, kunnen kowa ja ne. Ta juya ta nufi lif da sauri, ta bar lambarta a hannuna. Shekara talatin da ɗaya ba ta taɓa manta lamba ba.

Na buɗe gwangwanin. A kan auduga ga dutse ɗaya kwance, amma babu hular ƙarfen nan a kansa, tsirara yake, yana walƙiya da launuka kamar man inji a kan ruwa. Ta ce in duba da kyau, na duba. Na sa tabarau na duba. Na kai shi bakin taga. Na haska shi da tocila, na juya shi baya, har a kunne na kara shi, kada ku yi dariya, ai agogo ma haka ake yi masa. Ban ga komai ba sai launi.

Da rana na ɗauke shi zuwa ɗakin cin abinci, na sami Eduard Ilyich, shugaban ɗakin gwaji. Mutum ne mai jan gyale a wuya da turare mai hawa kai, ya saki mata biyu, kuma shi ne kullum yake rugawa ya riƙe wa Taisiya Markovna ƙofar lif. Ba na ƙaunarsa, shi ma haka, amma shi ya san duwatsu. Na buɗe gwangwanin a gefen kwanonsa na tambaye shi ko abin nan yana aiki. Ya dubi dutsen, ya dube ni, ya ɗan jima cokalinsa a sama.

"Matacce ne, Lukich. Da zarar an cire wa dutse hula ya gama. Shara ce."

Ya ci gaba da shan miyar kabejinsa.

Jama'a, ku tsaya a inda na tsaya. A ƙauyenmu ba a ba mai rai mataccen abu. Ko fure za ka kai wa mace sai ka ƙirga kada adadinsa ya rabu biyu daidai, don irin wannan na kabari ne. Ga ni saura sati uku a fitar da ni kamar tsohuwar kujera, sai mace mai ilimi ta zaɓo mataccen dutse daga kwandon shara ta ce wannan naka ne, ka duba shi da kyau. Me zan duba? In ga kamannina? Haka na fassara, kuma a lokacin na ji daɗin kaina da na gane da wuri.

Da magariba ina soya dankali sai waya ta yi ƙara. Saƙo ne daga lambar da ban sani ba. Har yau ban san inda ta samo tawa ba.

"Taisiya Markovna ce. Ka duba?"

"Na duba."

"To?"

Na kashe wuta. Na zauna. Na haɗa shayi ya huce ban sha ba. To me? In zagi ne, wa yake zagin mutum ya biyo shi yana tambayar yaya ya ji? In ba zagi ba ne, me ya hana ta ba ni mai rai? A ƙarshe na gaya wa wayar ta rubuta: "Na gode da tsaraba. Allah ya saka." Na ga 'yan ɗigon nan masu nuna mutum yana rubutu sun fito sun ɓace, sun fito sun ɓace, har sau uku. Babu abin da ya shigo.

Washegari na yi abin da in na tuna nake jin kamar in koma kogin nan in zauna. Takwas da kwata ta miƙo kwat, na karɓa, na wuce arba'in da bakwai, na wuce sittin, na tafi can ƙarshe bakin ƙofar waje inda iska ke busowa, na rataye shi a ɗari da goma sha biyu. Na dawo na ajiye mata lambar. Ta ɗauka ta karanta, ta juya bayanta kamar akwai wani rubutu a can.

"Arba'in da bakwai fa?"

"Ta karye."

Ƙaryar da na yi wa janar, a gabanta. Ta dubi ƙugiyar, ga ta nan lafiya lau kusa da hulata. Ta ce, "Na gane, Trofim Lukich," a hankali, ta tafi. Daga ranar ba ta sake miƙo mini riga ba. Takan shigo ta sunkuyar da kai kaɗan, ta wuce lif da kwat ɗin a hannu, Eduard Ilyich yana riƙe da ƙofa.

Sati uku na yi a haka. Da rana in zauna ina kallon ƙugiya babu komai a kanta, da yamma in ɗaure kaya a kwalayen da na roƙo a shagon ƙasa. Na naɗe hoton Klava a tawul. Na ba maƙwabciya tukwanen da Zoya ba ta so. Gwangwanin kuwa yana aljihun rigata, kullum sai na ce yau zan jefa shi a shara, kullum sai in tarar na buɗe shi a kan tebur ina kallo. Wani abu kuma da ya ƙara ɗaure mini kai: injiniyoyin sama in sun zo karɓar riguna sai su dinga duban hulata suna murmushi, wani ma har ya sara mata kamar soja. Da na yi tunani sai na tuna tun sanyin bara suke yin haka. Na ce a raina yaran zamani ne, karatu ya taɓa musu kai.

Juma'a, ranar ƙarshe, aka yi mini shayin ban-kwana da tsakar rana a gaban kantata. An kawo kek, da fanke mai kabeji a ciki, darakta ya yi jawabi ya kira ni ginshiƙin gida, wanda gaskiya ne. Na sa kwat ɗina na biki, ruwan ƙasa, da lambar yabon aiki a ƙirji. Ina gaisawa da mutane idona yana kan lif. Ba ta sauko ba. Wata ta ce ta tafi gida tun goma, wai ciwon kai. A bayana kuwa ma'aikata sun riga sun fara kwance ƙugiyoyi daga ta ɗaya, suna jefa su a bokiti, ƙwal, ƙwal.

Da aka watse na tare Eduard Ilyich, na miƙa masa gwangwanin. Na ce kayan kamfani ne, ya mayar inda aka ɗauko, ni ba zan kai gawa gidan 'yata ba. Bai karɓa ba. Ya sassauta gyalensa, ya dubi ƙasa.

"Lukich, da me ka duba shi?"

"Da tabarau. Har da tocila."

Ya faɗi wata kalma wadda ba zan bar wayar nan ta rubuta ba, ya kama hannun rigata ya ja ni cikin lif. Shekara arba'in da biyu ina ginin nan, ranar na fara taka hawa na huɗu. Aka sa mini farar riga a kan ta bikin, aka ɗaura mini shuɗiyar leda a takalma. Ya zaunar da ni gaban madubin ƙara girma mai ido biyu, ya ɗauki dutsen da ɗan hantsaki ya sa a ƙarƙashi, ya ce in leƙa, kada in taɓa komai.

Farko gari na gani. Wallahi gari, da tituna da unguwanni, kamar ka hau bene na ashirin ka dubi Mosko. Ya dinga murɗa wani abu garin yana tafiya a ƙarƙashina har jiri ya fara ɗibana. Muka bi gefe, muka gangara kusurwar ƙasa ta hagu, inda titunan suka ƙare aka bar ɗan fili. Ya tsayar.

Ƙugiya biyu ne a jere. A kan ɗaya akwai kwat mai maɓalli huɗu, na ukun ya fi sauran ƙanƙanta, a ƙasansa an rubuta 47. A kan ɗayar hula ce. Kunnenta na hagu a tsaye.

Na ɗago, na goge ido, na sake leƙawa. Suna nan. Na dubi dutsen da idona, ban ga komai ba sai launi. Na sake leƙawa, ga hulata. Na ce masa wannan wane irin siddabaru ne. Ya ce ba siddabaru ba ne, al'adarsu ce. In an gama zana dutse, akwai ɗan wurin da babu waya ko ɗaya da ta bi ta nan, sai a bar wa wanda ya fi kowa wahala ya sa alamarsa. Wani ya taɓa zana kyanwarsa, wani ya zana kifin da ya ce ya kama. Wannan karon aka bar wa Taisiya Markovna, don shi ne dutsenta na ƙarshe kafin ta yi ritaya. Kuma ba a wannan kaɗai yake ba, yana cikin kowane dutse da za a buga, dubbai, a rufe a ƙarƙashin hular ƙarfe.

Na tambaye shi wa da wa suka sani. Ya ce duk hawa na huɗu. Har suna suke da shi a kaina, wai Mai Hula.

Kuna tsammani a nan na gane? Ban gane ba. Na ce masa to ai ban-kwana ce, ta ji za a rufe wurin, ta yi mini hoton tunawa kamar yadda ake sa wa mamaci a kan kabari. Ya dafe goshi.

"Shekararka nawa, Lukich? In zane ya bar hannunmu ba a ƙara masa ko ɗigo. Tun Janairu ya tafi masana'anta, wata tara kafin ya dawo dutse. Takardar akwatunan nan yaushe aka liƙa ta?"

"Satumba."

"To ka lissafa da aji ukun naka."

Na lissafa. Lokacin da ta zauna ta zana hulata kusa da rigarta, babu wanda ya san za a rufe komai. Ta zana, ta aika, ta yi wata tara tana miƙo mini riga tana cewa barka da asuba kamar babu abin da ya faru. Ya ce dutse mai rai ba ya fita daga ginin, kuma ko ya fita ba a ganin cikinsa. Ita da hannunta ta zauna yini guda tana gasa marfin tana ɗaga shi a hankali, sai da ta fasa biyu kafin na ukun ya fito lafiya. Ta kashe shi ne don in gani.

Ni kuma na kai rigarta bakin ƙofa inda iska ke busowa.

Na tambaye shi me ya hana ya gaya mini tun ranar miya. Ya ce ai tambayarsa na yi ko yana aiki, ya ba ni amsa. Sai ya juya yana gyara wasu wayoyi da ba su buƙatar gyara, ya ce ba tare da ya dube ni ba, "Shekara tara ina riƙe mata ƙofar lif. Ba ta zana lif ba."

Ban jira lif ɗin ba, ta matakala na sauko, da ledar a ƙafata. Ma'aikatan sun kai ƙugiya ta arba'in da uku. Na ture babbansu, na ɗauko sukundirebata daga aljihun kanta. Fenti ya kai hawa bakwai a kan sukurorin, sai da na kankare da wuƙa. Suka ce baba ka bari mu cire maka. Na ce wanda ya taɓa ta sai na karya masa yatsa.

Gidanta na sani, don shekarun baya ta taɓa manta laima na kai har akwatin wasiƙunta, ban hau sama ba. Jirgin ƙarƙashin ƙasa, sannan bas, sannan bene biyar babu lif. A hanya na shirya jawabi mai kyau, ya fi na darakta. Wajen huɗu da rabi na danna ƙararrawa.

Ta buɗe. Rigar ulu ruwan ƙasa, silifas na gida, tabarau rataye da igiya a wuya, idanunta a kumbure. Ban taɓa ganinta babu takalmin fita ba, ashe gajera ce. Kwat ɗin ruwan toka yana yashe a kan kujera a bayanta. Jawabin ya gudu ya bar ni.

"Na duba," na ce.

"Ka ce ka duba tun sati uku."

"Wancan da tabarau ne."

Ba ta yi dariya ba. Ta dubi ƙafata, sai a lokacin na ga har yanzu shuɗiyar ledar tana nan, na ratsa rabin Mosko da ita. Na zaro ƙugiyar daga aljihu na miƙa mata, da 'yar lambarta tana lilo. Ta sa tabarau ta karɓa, ta juya ta, ta shafa wurin da fentin ya goge.

"Ashe ba ta karye ba."

"Ni ne na karye. An gyara."

Ta daɗe tana kallonta, har na fara tunanin ko in ce sai anjima. Sannan ta ce, "Guda ɗaya ka kawo?"

Na sa hannu a ɗaya aljihun na fito da arba'in da takwas. Ta haɗa su biyun a tafin hannunta, ta waiga ta dubi bangon zaurenta, ta ƙwanƙwasa shi da yatsa kamar mai gwada kankana.

"Bangon nan kankare ne, Trofim. Sukundireba ba za ta ci shi ba. Maƙwabcina na ƙasa yana da injin huda, amma ya yi tafiya, sai Litinin."

Trofim kawai, babu Lukich, irin kiran 'yan gida. Kuma Litinin. To ku gaya mini, wannan zauna ce ko ba zauna ba? Mutanen nan masu ilimi ba sa faɗin abu a miƙe, sai sun ɓoye shi a kusurwar hagu sun rufe da ƙarfe. Ina tsaye ina juya maganar sai wayata ta yi ƙara a aljihu. Zoya.

"Baba, ka gama ɗaure kwalayen? Gobe tara daidai. Gena ya sha mai."

Taisiya Markovna ta karanta saƙon tare da ni, don manyan baƙaƙe nake sawa, ana gani daga tsallaken titi. Ta dai tsaya da ƙugiya biyu a hannu tana kallona ta saman tabarau, irin kallon ranar farko. Na ce a raina, Lukich, sau ɗaya ka duba da tocila ka yi ɓarna, kada ka ƙara. Na danna wurin magana, na kai wayar bakina, na faɗa da ƙarfi yadda har hawa na uku za a ji:

"Zoya, kada ku taso. Ina da aiki ranar Litinin."

Ta matsa gefe ta ba ni hanya. Ta miƙa hannu ta cire mini hula, ni da na shekara arba'in da biyu ina karɓar ta mutane babu wanda ya taɓa karɓar tawa. Ta duba hagu ta duba dama, babu inda za ta rataye ta, sai ta ɗora ta a kan kwat ɗinta a kujera. Ta ce in cire ledar nan kafin in taka mata darduma, shayi ya kusa.

Yanzu da nake muku wannan magana safiyar Asabar ce, takwas da rabi, ina zaune a kan kwali a ɗakina, na aske gemu, na sa lambar yabona. Zoya ta kira sau goma sha ɗaya ban ɗauka ba. Saƙonta na ƙarshe kalma shida ne: "Mun wuce Kolomna. Wace ce ita?" Sun ci kusan rabin hanya ke nan, ni kuma ban san abin da zan ce mata ba. Ban ma san ko ranar Litinin za a ce in huda bango in tafi, ko in huda in zauna ba. Amma kwalin tukwanen da suka rage na kwance shi.

Ke kuma yarinyar da ta ce ina ƙara gishiri, da duk mai ra'ayinki, ga hanya a buɗe. Ku nemo kwamfutar da ke ɗauke da dutsenmu, ku ɓalle masa hula, zai mutu a hannunku, wannan matsalarku ce. Ku sa shi a madubi ku gangara kusurwar ƙasa ta hagu. In ba ku ga hulata da kunnenta a tsaye ba, ku zo in ba ku ita kyauta, in taka har Ryazan a cikin dusar ƙanƙara da kaina a buɗe. In kuwa kun gan ta, ku sara mata.